Hannun Inna da Bakinta

Mahaifiyata, wadda duk unguwarmu a Illela ke kira Inna, fura take sayarwa tun kafin a haife ni. Direbobin da ke jiran tsallakawa Ƙwanni, da 'yan canji, da masu babur, duk sun san ƙofar gidanmu. Amma duk sunan da furar ta yi, bakin Inna ya fi ta suna. Tana faɗa da kaji, tana faɗa da itacen da ya ƙi kama wuta, tana faɗa da mu da muka girma har muka haifi namu. In aka ji gidan shiru, to ta fita unguwa.

Wata safiya a farkon damina tana tsakar gida tana kirɓi, sai taɓarya ta suɓuce mata. Maƙwabciyarmu ce ta ji faɗuwar, ta aika a kira ni daga makarantar firamaren da nake koyarwa. Na same ta a jingine da bango, bakinta ya karkace, hannun dama ya zube a cinyarta. Na kira ta, ta dube ni sarai, ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Hawan jini ne da ta daɗe tana raina shi, tana cewa ciwon masu zaman banza ne. A asibiti a Sakkwato suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta taɓa hannu da ƙafa na dama, ta kuma tafi da magana.

Da aka sallame mu muka dawo gida, ƙafar ce ta fara jin tausayinmu. A hankali Inna ta koma takawa da sanda, tana jan ƙafar kaɗan. Hannun kuwa ya dunƙule, bakin ya ƙi buɗewa. Tana jin duk abin da ake faɗa, ka gani a idonta, amma in ta yunƙura za ta amsa sai leɓɓan su yi ta motsi a banza har ta gaji ta kau da kai.

Mu kuma muka yi abin da aka tashe mu a kai, muka hutar da ita. Goggo, ƙanwar mahaifinmu marigayi, ta tsallako daga Ƙwanni da ƙullin kayanta ta ce ba za ta koma ba sai Inna ta warke. Su biyun sun shekara da shekaru suna zaman tsiya da daɗi, kowacce tana cewa ɗayar ba ta iya miya ba. Goggo ta kife turmi, ta rataye faifan Inna a bango, ta shimfiɗa mata katifa a rumfa. Mu ke ba ta abinci a baki, mu ke yi mata alwala, mu ke ɗaura mata kallabi. Ko ƙuda ya sauka a kanta, kafin ta ɗaga hannun hagu wani ya kore shi. Masu dubiya kuwa ba su yanke ba, daga Araba, daga Lafani, daga Ƙwanni. Su ce, "Inna, ya jiki?" Mu amsa da baki ɗaya, "Da sauƙi." Wasu su yi ta ɗaga murya kamar kurma ce, wasu su zauna gabanta suna ba da labarin kirkinta sai ka ce ta riga ta rasu. Duk wanda ya zo sai ya yaba mana, ya ce Inna ta haifi 'ya'ya. Ni ma na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Yayana, babbanmu, ma'aikacin gwamnati ne a Sakkwato. Shi ya ɗauki nauyin asibiti da magani, bai taɓa yin ƙorafi ba. Wata rana ya zo ya ce ya gyara wa Inna ɗaki a gidansa, kusa da likitoci, akwai fanka akwai wuta. In an yi kaka zai zo ya ɗauke ta gaba ɗaya, a rufe gidan Illela. Ya durƙusa ya tambaye ta, ta gyaɗa kai. Ni kuma na matso na ce, "Inna, ko kin fi son zama gidanki?" Nan ma ta gyaɗa kai. Tun da ciwon ya same ta haka take yi wa kowace tambaya, ko ka ce za ta sha kunu ko ka ce ba za ta sha ba.

Muka fita zaure muka yi ta. Ni dai na san Inna. Ko biki ta je Sakkwato, ana gama cin abinci take neman mota. A gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, daga nan aka fitar da mahaifinmu. Na ce in aka raba ta da shi an gama da ita. Yaya ya ce son zuciyata ne, don gidana na kusa ina so in riƙa leƙa ta. Maganar ta yi mini zafi don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Daga ƙarshe ya ce, "Ji nan. In Inna ta hwaɗi da bakinta ba ta zuwa, na bar ta. In ba haka ba, ana gama yankan gero ina tahowa da mota." Ya faɗi haka ne don ya san babu bakin da za ta faɗa da shi, ni ma na sani.

Ana cikin haka ranar komawarmu asibiti ta zo, aka tura mu wurin likitar gashin ƙashi, wata matashiya mai Hausar Kano. Ta kama hannun Inna tana buɗe yatsun a hankali, tana yi mata hira kamar tsohuwar ƙawarta, tana kuma jira bayan kowace tambaya. Shirun ya yi mini yawa, sai na soma amsawa.

"Ba ke nake tambaya ba, malama," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. Da ta gama sai ta juyo. "Wa yake ba ta abinci?"

"Mu," na ce, har da ɗaga kai.

"Wa yake ɗaura mata kallabi?"

"Mu."

"In baƙi sun gaishe ta fa?"

Nan na fara gane inda ta dosa.

"Mece ce sana'arta kafin ciwon?"

Na ce fura.

"To ku mayar mata da furarta."

Raina ya ɓaci, na ce mata mu ba mu gaji da uwarmu ba da za mu sa ta aiki tana cikin wannan hali. Ba ta ji haushi ba. Ta ce wurin da ke motsa hannun dama a ƙwaƙwalwa da wurin da ke haɗa magana maƙwabta ne, shi ya sa ciwo ɗaya ya kwashe su tare. Ta ce aikin da hannu ya saba da shi, wanda mutum ke yi yana kiran sunayen kayan aikinsa, yakan taimaka wa wasu, hannu ya motsa magana ta biyo shi. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, ta ce wani yana samu wani ba ya samu, kuma a ci gaba da magani da atisaye. Abin da ta fi nanatawa shi ne, "In tana son abu, kada ku yi saurin miƙa mata. Ku jira. Zai yi muku ciwo, amma ku jira."

A mota muna dawowa na yi ta juya maganar. Na dubi Inna a gefena, hannayenta biyu a cinya, fes da su, sun yi laushi. Ban taɓa ganin hannun Inna da laushi ba sai a wannan jinyar.

Washegari na tayar da turmin da Goggo ta kife. Ta fito daga ɗaki baki buɗe.

"Mi za ki yi?"

"Hura, Goggo. Inna za ta cura."

"Mi kinka ce? Ki sa uwakki aiki tana cikin wanga hali? Mutane su ce mi? Wallahi ɗiyag ga boko ya ɓata ta."

Na bar ta tana faɗa, na surfa gero, na daka da citta da kanumfari, na dafa, na kirɓa. Ni ba gwana ba ce, Inna ta sha gaya mini cewa alli kawai hannuna ya iya riƙewa. Na kawo ƙwaryar na ajiye gabanta. Ta dubi furar, ta dube ni. Na buɗe yatsun hannun dama, na sa ɗan gutsure a tafin, na ɗora hannun hagu a kai. Ta murza, ya faɗi ƙasa. Na ƙara sa wani, ya faɗi. A na gaba ta ture ƙwaryar da ƙafa, hawaye na zuba. Na kwashe na shiga madafi na yi nawa kukan, Goggo na bakin ƙofa tana cewa ai ga irinta nan.

Haka muka yi ta yi kowace safiya kafin in tafi makaranta. Magana kuwa ta zaga unguwa. A wani gidan suna na ji wata tana cewa albashin malamar ne bai isa ba, ta mayar da tsohuwa sana'a. Na juya na tambaye ta ko ta taɓa kawo mana ko ludayin kunu tun da muka fara jinya. Aka ba ni haƙuri, na koma gida. Ina jin tsoron kada ya zama azabtar da ita nake yi a banza, a kwanakin da suka rage mata a gidanta.

Sannu a hankali curin ya daina faɗuwa. Ba ya yin kyau, yakan fito a karkace, amma yana zama a tafin. Hannun dama ya soma buɗewa kaɗan don ya karɓa. Sai dai baki shiru. Gero ya fitar da kai a gonaki, ni kuma duk wanda ya zo daga ƙauye ya ce bana an samu damina sai gabana ya faɗi.

Mai cura fura ba ta rabuwa da gari, da shi take shafa tafi don kada furar ta manne. Da farko ni ke barbaɗa mata tun kafin ta nema. Wata safiya sai na tuna da maganar likitar, na janye faifan garin na ajiye bayana. Inna ta ci gaba da murzawa har furar ta kama mata hannu biyu. Ta dubi faifan, ta dube ni, ta nuna shi da haɓa. Na yi kamar ina tsintar tsakuwa a tabarma. Goggo ta yunƙura za ta miƙa mata, na riƙe bakin zaninta. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba. Fuskar Inna ta haɗe, irin haɗewar da muke gani mu ruga da gudu muna yara. Hannayen ba su tsaya ba, suna ta murza abin da ya riga ya caɓe. Sai na ji wata murya a shaƙe, kamar daga ƙasan rijiya.

"Ga... gari."

Goggo ta saki salati da ƙarfi har kaji suka watse. Ni kuwa na miƙa faifan da sauri har na zubar da rabin garin a kan ƙafar Inna. Ta dubi ɓarnar, ta ɗago, leɓɓanta suka yi kokawa na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Shashasha." Na rungume ta da furar da garin duka. A rayuwata ba a taɓa zagina na ji daɗi haka ba.

Daga ranar Goggo ta juya. Ita da ta ce boko ya ɓata ni, ita ta koma shugabar masu hana Inna abu. Ta ɓoye ludayi, ta ɓoye ruwa, ta zauna gabanta tana cewa, "Hwaɗi in ba ki. Da can ba ki bari kowa shi yi magana, yanzu hwaɗi mu ji." Inna ta yi ta hararar ta, amma kalmomin suna zuwa. Ruwa. Citta. Miƙo. Bari. Wata rana Goggo ta cika barkono a daka, Inna ta ɗanɗana ta ce, "Ba ki iya ba." Goggo ta yi ta yawo gida gida tana ba da labarin, kamar an ba ta kyautar zane.

Abin da muka lura da shi shi ne, maganar tana zuwa ne in hannun na cikin aiki. Da an wanke mata hannu an jingina ta da matashi, sai ta koma gyaɗa kai. Na gaya wa likitar, ta ce kada mu damu, mu ƙara mata wasu ayyukan. Muka ba ta tsintar wake, da ɗaurin kallabinta, da cin tuwo da kanta ko da rabi zai zube. Na sa mata carbi a hannun dama, ta tura ƙwaya ɗaya da babban yatsa da ƙyar, sai ga tasbihi ya fito cikakke, babu gargada. Masu dubiya kuma na hana kowa amsa musu. In suka ce ya jiki, sai mu yi tsit har ta ce, "Sauƙi." Wasu sun ɗauka rashin tarbiyya ne, na bar su da ɗaukarsu.

Har yau in na tuna wannan likita sai na yi mata addu'a. Ko sunanta ban taɓa tambaya ba, ranar farko raina a ɓace yake, daga baya kuma likita kawai nake ce mata. Na gode wa Allah da ya haɗa mu da ita, na gode wa Goggo da taurin kanta da ya zame mana magani. Na kuma gode wa Inna da ba ta yi zuciya ta bar ƙwaryar nan ba, don ita ce ta sha wahalar, mu kallo muka yi. Maganarta ba ta dawo yadda take da ba, gajeru take yi, wani lokaci kalma ta ɓace mata ta yi tsaki ta bar ta. Hannun ma har yanzu ba ya miƙewa duka. Amma tana faɗin abin da take so, kuma mun san darajar hakan yanzu.

Yaya kuwa bai yarda ba. Na sha kiran shi a waya in ce Inna na magana, in ya ce in ba ta, sai ta riƙe wayar ta yi shiru. Ya ɗauka ina ƙara gishiri ne don in hana shi. Da aka yanke gero, 'yan uwanmu na Araba suka kawo mana dammunan da suka saba kawowa, ba a jima ba sai ga shi da mota.

Goggo ta yi wa Inna wanka, ta ɗaura mata sabon zane, ta fesa mata turare, aka zaunar da ita a kujera a rumfa. Haka ake yi in babban ɗa zai gana da uwarsa kan magana mai nauyi, ban ga abin cewa ba. Yaya ya cire takalmi ya durƙusa.

"Inna, na taho in tahi da ke Sakkwato. In ba ki so, hwaɗa mini."

Ta dubi ƙasa. Leɓɓanta suka motsa. Ta gyaɗa kai.

Ya sake tambaya, a hankali, da ladabi. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga gumi ya tsattsafo a goshinta, hannayenta biyu a kwance a kan sabon zanen. Babu abin da ya fito. Yaya ya jira iyakar jiran da zai iya, sannan ya dube ni. Ba fushi a idonsa, tausayina yake ji, wannan ya fi ƙona mini rai. Ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko jakar da Goggo ta haɗa tana kuka tun jiya, ya fita da ita mota.

Na ruga madafi. Akwai sauran furar safe da ba a cura ba. Na kawo ƙwaryar na dire a cinyar Inna, a kan sabon zanen, na gutsura na sa mata a tafin dama. Yaya ya dawo ya tarar da mu haka.

"Ke, kin haukace? Gabana za ki sa ta aiki?"

"Ƙyale ta," Goggo ta ce. "Zamna ka yi shiru. Mu ma haka munka koya."

Ya koma ya durƙusa, fuska a murtuke. Inna ta ɗora hannun hagu ta soma murzawa. Ana jin babura suna wucewa a titin iyaka. Ta gama curi ɗaya ta ajiye, ta ɗauki wani. Tana tsakiyar murza shi ta ce, "Nan."

Yaya ya ɗago kai.

"Ni... nan."

Shi ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, sai dai ta ce a gaya wa wancan. Ranar ta dube shi ido cikin ido, hannun bai daina juyawa ba.

"Kai... zo. Ka riƙa... zuwa."

Ta ɗaga hannun dama da ƙyar, da curin a ciki, ta miƙa masa. Ya tara hannu biyu ya karɓa. Mutumin da ban ga hawayensa ba ko ranar da aka rufe mahaifinmu, sai ga shi ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na girgiza. Sannan ya miƙe ya fita, ya shigo da jakar da kansa ya mayar ɗakinta. Da ya fito ya share fuska da hannun riga, ya tambaye ni ko akwai nono a gidan.